Shanun Gambo da Harawar Rumbuna

Bazarar bana ta zo da zafin da na daɗe ban ji irinsa ba. Tun kafin hantsi ƙasar kara, inda muke cinikin dabbobi, take ɗaukar wuta, igiya ma in ka kama sai ka ji ta a tafin hannu. Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Nguru, kuma a irin wannan lokaci aikinmu rabi ciniki ne rabi jinya, don yawancin dabbar da aka kawo yunwa ce ta koro ta daga gida.

Ranar kasuwar da ta wuce wata dattijuwa ta jawo min akuya da jan fenti a gadon baya. Ban tambaye ta ba, na san fentin. Wata ƙaramar hukuma ce a nan kusa, ba sai na kira suna ba, ta raba wa mata awaki don a rage talauci. Na shafa haƙarƙarin akuyar, yatsuna suka faɗa tsakani.

Na ce, "Iya, ba an ce kada a sayar ba?"

Ta ce, "An ce. Amma ba a faɗa min abin da zan ba ta ba. Jiya tabarmata ta fara ci."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Ina riƙe da igiyar nan sai shanun Gambo suka faɗo min a rai, kuma wallahi abin da na ji a ƙirjina shi ne dai abin da na ji a wancan lokacin, bai tsufa ba ko kaɗan.

Shekara talatin da wani abu ke nan. Lokacin ina ƙauyenmu, can bayan Katuzu, a bakin fadama. Ban daɗe da aure ba. Mahaifina ya rasu ya bar min ɗakuna biyu, da rumbu, da wata gonar shinkafa a fadama wadda kowa ya san babu kamarta a garin. Sai dai shekaru a jere kogi bai cika ya kai gare ta ba. Ƙasar ta daskare kamar daɓe, ciyawa mai saiwa ta kama ta, ni kuwa na bar ta. A wajenmu gonar fadama ba a ajiye ta sai an ga dama. In ka bar ta ba noma har ido ya gaji da ganinta, Bulama, wato mai unguwarmu, yana da ikon ya ba wanda zai iya. Ya kuwa kira ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Habu, masu zuwa daga yamma sun ce bana ruwan kogi zai zo. In damina ta faɗi ban ga an taɓa gonar babanka ba, akwai masu so, kuma sun riga sun gaishe ni."

Na ce to. Amma na san fartanya ba za ta karya ƙasar nan ba, ko gayya na kira. Wa ma zai zo gayya gidan da babu fura? Sai garmar shanu, ni kuwa ko jaki ba ni da shi.

Daminar da ta gabata gero ya ƙone tun bai fid da kai sosai ba. Wake ya yi ganye shar, amma ba 'ya'ya. Da kaka na bi gonata da gonakin da mutane suka yi fushi suka bari, na tattara harawa, na shanya ta a inuwa, na zuba a rumbu ina tattakawa har ta kusa baki. Sannan na ɗauko 'yan dammunan geron da suka rage na jera a sama, na mayar da murfi. Dalilina biyu ne. Na farko, na san harawa za ta yi daraja a ƙarshen bazara. Na biyu kuma suna. Lokacin na fara dillanci, Fulanin da ke zaune a gefen garinmu suna ba ni tumaki ina kai musu kasuwar Gashuwa. Bafulatani kafin ya miƙa maka igiyar ragonsa sai ya dubi gidanka. Ba ya ba wanda yunwa ke kwana a ɗakinsa, don ya san inda rabin ragon zai tsaya. Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan dabara ba. Tun zamanin kakanninmu magidanci ba ya barin rumbunsa a buɗe wayam. Ko ƙaiƙayi ne sai ya cika, ya rufe, ya fita masallaci da wankakkiyar riga.

Matata Yagana ba ta taɓa barin abin ya wuce ba. In ta ajiye min ƙwarya sai ta ce, "Ga kunun masu rumbu cike. A sha a hankali, kada a ƙware da ƙulli." Kunun kuwa kana iya ganin gindin ludayi a cikinsa.

Haka muka shiga bazara. Da asuba Yagana takan bi mata zuwa 'yan kududdufan da ba su ƙafe ba, su shiga laka suna lalubo bado. Ta dawo ƙafafunta sun yi fari sun tsattsage, ta shanya, ta daka, ta yi mana tuwo mai ɗanɗanon ƙasa. Ni kuma in ba ranar kasuwa ba ce nakan ɗauki dagi in shiga busasshiyar fadama ina ƙwanƙwasa ƙasa, ina neman inda kifin nan gaiwa ta binne kanta tana jiran ruwa. In an dace a samu guda, ranar miya ta yi ƙamshi har maƙwabta su yi ta sallama ba dalili. In ba a dace ba, a jiƙa garin rogo da barkono. Da azahar garin yakan mutu. Iska mai zafi ta taso daga arewa tana dukan zana, kaji su buɗe baki a gindin randa, ruwan randar kansa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Ba ka jin komai sai kukan kurciya da na yaron da aka yaye.

Ana cikin haka labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta ba da shanun noma da garma, bijimai biyu a kowane ƙauye, ga gidan da ya fi kowa buƙata. Ina jin labarin na ce nawa ne. Na san yadda irin wannan rabo yake tafiya, na san gidan kansilanmu, na san ma wace kaza zan kama. Ashe ciyaman na lokacin ya ɗora aikin a hannun wani ma'aikaci da ake kira Malam Kyari, siriri, mai tsohon babur, wanda ko ruwa aka miƙa masa sai ya tambayi daga wane gida. Kansila ya aika masa da sunayen mutanensa, ya mayar. Ya ce shi zai shiga gida gida, ya leƙa kowane rumbu da idonsa, a gaban jama'a, don kada wani ya ce an yi rufa-rufa.

Na sha faɗa, da ɓarawo aka turo mana da na san yadda zan yi da shi. Mai gaskiya ne ya ɗaure ni.

Ranar da ya zo jajibirin kasuwa ce, Fulanina sun kawo tumaki suna tsaye a ƙofar gidana. Jama'ar gari suna biye da shi, Bulama a gaba. Aka kafa tsani, Malam Kyari ya naɗe ƙafar wando ya hau, ya ɗaga murfin rumbuna. Gero har baki.

Ya ce, "Masha Allah. Malam Habu, Allah ya ƙara rufin asiri."

Jama'a suka ce amin. Bai sauko nan take ba. Ya dube ni daga sama, ya dubi wuyana, ya dubi Yagana da ke tsaye a ƙofar ɗaki, sannan ya ce, "Akwai abin da kake so ka faɗa min?"

Na waiwaya. Fulanin suna jingine da sandunansu suna kallona. Hannu ɗaya kawai zan ce ya zura ƙarƙashin dammunan nan, shi ke nan. Amma a ranar zan zama mutumin da ya cika rumbu da ciyawa, kuma gobe ba mai ba ni ko ɗan akuya.

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

Yagana ta saki labule ta shige.

Gida na gaba na Gambo ne, ɗan kawuna, taubashina, zana ɗaya ta raba mu. Ya ɗan girme ni. Mutum ne mai dariya, gwanin dara, wanda in an ce gobe za a yi aiki yakan ce Allah ya kai mu jibi. Rumbunsa ya rushe tun bara, bai gyara ba, kaji ke kwana a ciki. Ba a ma kafa tsani ba. Malam Kyari ya sunkuya ya leƙa ta ɓarakar, kaza ta fito da gudu ta tsakanin ƙafafunsa, aka kwashe da dariya. 'Ya'yansa kuma ga su nan birjik, cikinsu a waje. Talaka ne, ban musa ba. Amma ni ma talaka ne, bambancin kawai ni ina share ƙofar gidana.

Aka ba Gambo.

Ranar da akori-kura ta sauke shanun, duk garin ya fito. Ɗaya fari mai baƙin kunne, ɗaya ja mai tozo a tsaye, an yi musu shaidar hukuma da wuta a cinya don kada a sayar. Ba wanda ya sa ni, na je na buɗe bakinsu na duba haƙori, na danna gadon baya, na ɗaga kofato. Ba su da aibi ko ɗaya. Da ma a ce na samu. Gambo yana tsaye riƙe da igiya a karkace, ko ɗaurin turke bai iya ba.

Ya ce, "Taubashi, mai rumbu cike, ya ka ga dukiyar matsiyata?"

Na ce, "Na ga ta faɗo inda ba a share ba."

Ya ce, "Haka Allah yake yi. Kai ka yi ta shara." Nan take ya raɗa musu suna, farin Ciyaman, jan kuma Kansila.

Ban san kishi yana da kunne ba sai a kwanakin nan. Ina kwance a ɗaki ina jin tuƙarsu ta bayan zana. Ina jin numfashinsu. Warin kashinsu, wanda a wajen mai dabba ƙamshi ne, yana shigo min har cikin kunu. In na fita sai in bi ta wata hanya don kada in gan su, sai in samu kaina na zagayo ta ƙofar Gambo. In na je fadama neman gaiwa sai in tsaya a gonar babana ina auna yadda garma za ta bi ta, sannan in tuna garmar tana jingine a gidan da mai ita bai san gabanta da bayanta ba.

Ranar kasuwa na gama da tumaki na wuce ofishin Malam Kyari a Gashuwa. Na same shi yana shan ruwa a kofin roba, fanka ba ta juyawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ƙara na kawo ba. Amma ni dabba sana'ata ce. Kun ba da shanu a tsakiyar bazara, ga mutumin da ko kara ba shi da shi. Me za su ci kafin ruwa? Da kun ba wanda zai iya riƙe su, shi ya yi wa sauran huɗa."

Ya ce, "Kamar wa?"

Na ɗaga kai na dubi fankar.

Ya ce, "Malam Habu, an ce in ba wanda ya fi buƙata. In na ce sai mai iya ciyarwa, to kullum mai shi zan riƙa ƙara wa, irin su Gambo kuma su mutu a inda suke. Ka ga hakan daidai ne?"

Na ce, "Ban gani ba. Amma in shanun suka mutu, wa aka taimaka wa?"

Ya daɗe yana juya kofin. Ya ce ya nemi a haɗa da abincin dabba, aka ce masa abin da aka ware ya ƙare a kan shanu da garma da bikin rabo. Ya ce, "Abin da ke hannuna shi ne kada in ba wanda ba shi ba. Wannan na yi." Na fito ina jin haushinsa, kuma na rasa inda zan kama shi.

Abin da na faɗa shi ya faru. 'Ya'yan Gambo suka yi ta hawa gawo suna kakkaɓo 'ya'yansa har ya ƙare. Suka koma sassabo ganyen da bai kamata a ba dabba ba. Tozon Kansila ya kwanta, ƙugun Ciyaman ya fito kamar an rataya riga a turke. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, akwai safiyar da na leƙa na ƙirga haƙarƙarinsu da ido na ji wani sanyi a raina. Sannan in tuna cewa duk garin babu wasu shanun huɗa sai su.

Da suka rasa abin ci sai suka fara cin zanar da ta raba mu. Wata rana da tsakar rana na ji ɓarar-ɓarar, na fito na ga kan Kansila a cikin gidana. Ya cinye zana ya yi ƙofa, ya miƙa wuya iya tsawon igiya, hancinsa na nuna rumbuna, yana wani irin kuka ƙasa ƙasa. Na kore shi, ya dawo. Kullum haka. Ba ya kallon randa, ba ya kallon kowa, sai rumbu.

Yagana ta ce, "Wannan sa ya fi Malam Kyari iya bincike."

Na ce ta rage murya.

Ta ce, "In rage? Shi ma ka ce masa ya rage."

Ba a jima ba, wata rana bayan la'asar, Gambo ya shigo ta ɓarakar zanar, ba sallama, ba dariya. Ciyaman ya kwanta tun safe ya ƙi tashi, sai da aka zura masa itace ta ƙarƙashin ciki aka ɗaga. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Habu, kai ka san hanya. Ka kai min Kansila kasuwar Kumagannam. Can masu saye daga tsallaken iyaka suke zuwa, ba ruwansu da shaidar cinya. In ciyar da ɗayan, in ciyar da yara. In an tambaya in ce ya mutu."

Na dube shi. Mutumin da aka ba abin da nake kwana ina mafarki, ga shi a tsugune yana roƙona in rabar masa da shi. Na yi lissafina irin na dillali. In na sayar, sa ɗaya ba ya jan garma a ƙasar fadama. In na kai ƙara, a kwashe su a mayar Gashuwa, a ɗaure ɗan kawuna. In na yi shiru, su mutu. Ko ta ina aka bi, gonar babana ta tafi.

Na ce, "Tashi ka ɗauko tsani."

Ya hau, na ce ya ɗaga dammunan geron ya zura hannu. Ya zura har kafaɗa. Ya zaro da harawa cike da tafinsa, koriya, ƙamshinta ya cika gidan. Kansila ya yi wani kuka daga bayan zana. Gambo ya dubi harawar, ya dube ni, sai dariya ta kama shi har tsanin yana rawa. Can kuma ya daina.

Ya ce, "Ashe kai ma..."

Na ce, "Rufe min baki. Sharaɗi biyu ne. Ranar da ruwa ya sauka, gonata ta fadama za a fara, kafin taka, kafin ta kowa. Na biyu, ba mai ji. Ko matarka."

Ya ce, "Taubashi, da ka faɗa ranar nan ai da kai aka ba."

Na ce, "Na sani. Sauko kada ka karya min tsani."

Da tsakar rana muke fitar da ita, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, ta ƙofar da Kansila ya buɗe da bakinsa. Kaɗan kaɗan na fara ba su don kada cikinsu ya kumbura. Na jiƙa musu kanwa, na cire musu kaska, na koya wa Gambo ɗaurin da ba ya shaƙe wuya. Ina kallon harawar da na yi niyyar sayarwa tana shiga cikin shanun wani. Kafin hadari ya fara haɗuwa, gashinsu ya kwanta, tozo ya fara miƙewa. A dandali sai ka ji ana cewa, "Kai, ashe Gambo ya iya kiwo! Mutum dai ba a raina shi." Ina zaune a wurin. Wani ma ya juyo ya ce min, "Kai da kake dillali, ka je ka koyi wani abu wajen ɗan'uwanka."

Ruwan ya zo da yamma. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe shanyar mutane, sannan aka ji ɗigon farko a kan busasshiyar ƙasa, ƙamshin nan da ke sa mai yunwa ya manta da cikinsa ya tashi. Aka yi ta yi har kwaɗi suka farka. Yara suka fita tsirara, Yagana ta jera duk wata ƙwarya da muke da ita a bakin indararo.

Da sassafe na ji ƙarar sarƙa a ƙofar gida. Gambo ne da shanu a karkiya, garma a kafaɗa, a juye. Na gyara masa muka nufi fadama. Ƙasar ta sha ruwa ta yi laushi a sama, ƙasa kuwa tana nan da taurinta. Da bakin garma ya shiga, saiwar ciyawa ta riƙa tsinkewa kana ji kamar ana yaga tsumma. Baƙar ƙasa ta juyo tana tururi, balbelu suka sauko suna bin mu. Ni ke riƙe da garma, Gambo yana ja a gaba yana yi wa shanun waƙar banza.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga ɗan aiken kansilanmu a kan keke. Ya tsaya a kan tudu ya ce mai gida ya ce shanun hukuma su fara da gonarsa yau. Na san Gambo ba ya iya ce wa babba a'a. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya dubi ɗan aiken, ya dubi ƙafafuna cikin laka.

Ya ce, "Ka gaishe shi da kyau. Ka ce ni aka ba, kuma na riga na yi alkawari. In mun fito daga nan, in shanu ba su gaji ba, zan duba."

Ya ja igiya muka ci gaba. Ban ce masa na gode ba, shi ma bai jira ba.

Yagana ta fito da irin shinkafar da ta ɓoye a tulu tun rasuwar mahaifina, wanda duk yunwar nan ba ta bari an taɓa ba. Muka yafa. Bulama ya zo ya tsaya a bakin gona, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya amfana," ya juya. Marka ta same mu da tafasa da yaɗiya, ciki yana kuka, sauro yana ci, tufafi ba sa bushewa. Sannan ruwan kogi ya iso, a hankali, yana bin kwari yana cika shi. Ya tarar da shinkafata ta yi tsayin da ba zai shanye ta ba. Da kaka muka yanke ta muna tsaye cikin ruwa har cinya. A shekarar na cika rumbun nan da abin da ba na jin tsoron a zura hannu.

Bayan kaka aka kira taro a Gashuwa. A wasu ƙauyukan shanun sun mutu, a wasu an ce sun ɓata. Na Gambo kuwa aka zagaya da su fili suna sheƙi. Malam Kyari ya tsayar da shi a gaban ciyaman, aka ce ga talakan da ya riƙe amana, aka ƙara masa da sabon amalanke mai ƙafar mota, an shafe shi da koren fenti. Ciyaman na ƙaramar hukuma ya ce, "Malam Gambo, faɗa wa jama'a, da me ka ciyar da su a bazarar nan?"

Gambo ya nemo ni da ido cikin taro har ya same ni. Ban taɓa son mutum ya karya alkawari kamar ranar ba. Bai karya ba. Ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, dabba dai sai da kula."

Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, don ana kallona.

Ana watsewa Malam Kyari ya turo babur ɗinsa ta kusa da ni. Ya ce, "Malam Habu, ya rumbu?" Na ce yana nan cike. Ya dubi shanun, ya ce, "Na dai tambaye ka ranar nan." Ya buga babur ya tafi.

Da amalanken nan Gambo ya fara dakon bulo da kanwa da buhunan shinkafa. Mutumin da ba ya tashi sai rana ta dake shi ya koma fita tun asuba, don ya ga abin nasa ne. Yau Alhaji Gambo yana da manyan motoci a Gashuwa, in za a yi irin wannan rabo har shawararsa ake nema. Ni ma Allah ya rufa min asiri. Na dawo Nguru, na yi gida, na je Makka, kuma ko allura hukuma ba ta taɓa ba ni ba. Gonar fadama tana hannuna, babban ɗana ke noma ta. Ba abin da na rasa. Amma har yau in motarsa ta wuce da sunansa a rubuce a goshi, sai na ji ƙamshin harawa.

Dattijuwa mai akuya tana nan tsaye tana jiran in yi mata kuɗi. Na ce, "Iya, ba zan saya ba, ba kuma zan sayar miki ba. Ki bar ta a turkena ta ci da nawa har ruwa ya sauka, sannan ki zo ki ɗauka. In ta haihu, ɗan fari nawa ne."

Ta ce, "Au, ashe kai ma ba kyauta kake yi ba."

Na ce, "Iya, ni ba hukuma ba ne."

Da na koma gida na kira Gambo a waya. Na ce masa in sun sake zama ya faɗa musu, duk akuyar da za a ba mace a bazara a haɗa mata da buhun dusa, ko a jira ciyawa ta fito. Ya ce zai faɗa, ko za su ji ko ba za su ji ba. Sannan ya yi dariyar nan tasa.

Ya ce, "Taubashi, har yanzu? Shanun nan fa an ci namansu tun kafin a haifi autanka."

Na ce, "Na sani. Amma da harawata aka ba ka amalanke."

Ya ce, "To in aiko maka da shi? Yana nan bayan gida, ƙafa ɗaya ta rage, kaji ke kwana a ciki."

Na ce, "Aiko."

Na ɗauka wasa ne. Shekaranjiya sai ga motarsa a bakin kara, yaran mota suna sauke wani ruɓaɓɓen akwatin katako, koren fentin ya rage a lungu ɗaya kawai. Na sa aka kafa shi a gindin turke aka zuba harawa. A ciki akuyar dattijuwa take ci yanzu. Abokan sana'a suna tambayata ina na samo wannan tarkace, ni kuwa amsa ɗaya nake ba kowa: nawa ne tun asali, ajiya na bayar, yanzu aka dawo min da shi.